Rage Hanya: Talla Kaɗai Ba Ya Cika Mota



Duk wanda ya tsaya bakin titi da safe a Yamai ko Maraɗi zai ga motoci na wucewa, mutum ɗaya cikin kowace, alhali abokan aikinsu na tsaye suna jiran taksi ko kabu-kabu. Kuɗin mai na cin albashin mai mota, kuɗin taksi na cin na marar mota, a ƙarshe kuwa tukunyar gida ce ke ji a jikinta. Abin da Faransawa ke kira covoiturage, wato ma'aikata su haɗu a mota guda su raba kuɗin mai, ba baƙon abu ba ne wurinmu, domin mun daɗe da sanin rage hanya. Sai dai yi wa wani alheri rana ɗaya daban, tsarin da za a dogara da shi kowace safiya daban. Ta yaya shugaban ma'aikata zai jawo mutanensa zuwa ga wannan tsari?

Waɗanda suka riga mu gwadawa sun fara ne da talla. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta shiga ƙarancin roba, aka ƙayyade sayen mai a 1942. A 1943 hukuma ta fitar da wani hoton bango mai nuna mutum shi kaɗai cikin motarsa, ga inuwar Hitila zaune a gefensa. Saƙon ya shiga zukata, amma mu lura: mai ya riga ya yi wuya kafin hoton ya fito.

Da aka gwada talla ba tare da irin wannan matsi ba, sai labari ya sha bamban. A ƙarshen 2019 wasu masu bincike biyu, Ariella Kristal da Ashley Whillans, sun bayyana gwajin da suka yi a wani babban filin jirgin sama na Turai mai ma'aikata kimanin 70,000. An aika wasiƙu da saƙonnin intanet, an yi tayin haɗa kowa da abokin tafiya. Waɗanda suka rubuta sunansu ba su kai 100 ba, masu amfani da tsarin bayan wata guda kuwa ba su wuce a ƙidaya da yatsun hannu ɗaya ba. Daga cikin dalilan da masu binciken suka kawo akwai cewa wurin ajiye mota kyauta ne, kuma sabo yana da wuyar bari.

A jihar Kalifoniya an bi wata hanya. Dokar 1992 ta umurci wasu kamfanoni masu biya wa ma'aikata kuɗin wurin ajiye mota da su ba ma'aikaci zaɓi: ko wurin, ko kuɗinsa a hannu. Farfesa Donald Shoup ya duba kamfanoni 8, ya tarar masu zuwa aiki su kaɗai sun ragu daga kashi 76 cikin ɗari zuwa 63, masu haɗa mota kuma sun ƙaru daga kashi 14 zuwa 23. Faransa ma, tun 2020, ta yarda ma'aikata su karɓi wani alawus marar haraji daga wurin aikinsu idan suna haɗa mota, kuma a watan Maris na 2025 birnin Paris ya keɓe layi ɗaya na babban titin da ya kewaye shi ga motoci masu mutum biyu ko fiye, a lokutan cunkoso.

Darasin a fili yake: ɗan kasuwa na gari yana gyara hajarsa kafin ya ɗaga murya. Shugaban da ke son mutanensa su haɗa mota, ya fara sanin unguwar kowa da lokacin tashinsa. Ya ware wa motar haɗaka wuri mai inuwa kusa da ƙofa, ko tikitin mai a ƙarshen wata. Ya yi alkawarin mai da mutum gida idan aiki ya tsare direbansa ko yaro ya kamu da rashin lafiya, domin tsoron maƙalewa na hana mutane amsawa. Ya bar kowa ya zaɓi abokan tafiyarsa, musamman mata, don hankalinsu da na iyalansu ya kwanta. Sannan ya fara da kansa, gani ya kori ji.

Mu kuma ma'aikata, a yanke rabon kuɗin mai tun farko, kada kunya ta haifi gunaguni. A kiyaye lokaci, abin da aka ji cikin mota kuma ya tsaya cikin mota. Idan amana ta tabbata, abokin aiki zai fi kowace takardar bango iya talla.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu ga iyalanmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.