Bashin Harajin Gida A Ingila: Abin Da Ya Sami Yayana, Da Darasin Da Ke Ciki

Ina gaida 'yan uwana na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, da na Sabon Ibadan da Shagamu, da duk inda neman halali ya kai mu a nan kurmi. Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimar shago ce ta riƙe ni. Yau na zo da wata magana ta cikin gidanmu, wadda sai da na nemi izinin mai ita kafin in rubuta. Ya ce in rubuta, ko Allah zai sa wani ya tsira daga abin da ya faɗa masa.

Wata rana a watan Nuwamba na 2023, bayan la'asar, ina shagon Baba muna auna wake, sai ga kiran yayana ta WhatsApp daga Ingila. Da na ɗauka sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gudun kada a ji shi. Ya ce ga wani mutum nan tsaye a ƙofar ɗakinsa yana ƙwanƙwasawa, an turo shi karɓar bashin haraji, kuma ya ce in ba a biya ba zai rubuta kayan ɗakin. Baba ya karɓi wayar ya ce, "Kai ma dai! Buɗe masa mana, ka ba shi wurin zama, ka ba shi ruwa, ku fahimci juna. In da ɗan na goro ka miƙa masa." Yaya ya ce, "Baba ka yi haƙuri, nan ba haka ake yi ba." Bai buɗe ba. Daga baya muka gane cewa a duk tsawon wannan rikici, ƙin buɗe ƙofar nan shi ne abu na farko da ya yi daidai.

Bari in koma baya kaɗan, don mai karatu ya gane yadda aka yi aka zo nan. A Ingila akwai harajin gida da ƙananan hukumomi ke karɓa, wanda aka fara a 1993. Da shi ake kwashe shara, a gyara titunan unguwa, a kula da tsofaffi da marasa galihu. An kasa gidaje rukuni takwas, daga A zuwa H, gwargwadon darajar da gida yake da ita a 1991. Abin da ke ruɗa mutanenmu shi ne, galibi wanda ke zaune a gidan shi ke biya, ko da ɗan haya ne. Ɗalibin da karatu ne cikakken aikinsa an ɗauke masa. Wanda kuma yake zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin 100, amma fa sai ya nema.

Yaya ya tafi karatun digiri na biyu a 2021. Duk zamansa na ɗalibi ba wanda ya tambaye shi ko kwabo. Da ya gama ya sami izinin zama ya yi aiki, ya kama ɗan ƙaramin gida shi kaɗai a wani gari a arewacin ƙasar, yana aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Bai lura cewa ranar da ya daina zama ɗalibi, ranar harajin ya hau kansa ba. Takarda ta fara zuwa, ya duba ya ga kuɗi ne ake nema, ya ce bari wata ya yi. Ta biyu ta zo, ya ajiye. Daga ta uku ma ya daina buɗewa, sai dai ya tura su ƙarƙashin katifa, kamar in bai gani ba za su gaji su daina.

To ita hukuma ba ta gajiya, mataki-mataki take bi. Yadda tsarin yake a lokacin, ana raba kuɗin shekara kashi 10, kana biya wata-wata. In ka tsallake wata guda sai a turo maka tunatarwa, a ba ka kwana 7. In ka yi shiru, ka rasa damar biya kaɗan-kaɗan, kuɗin shekarar gaba ɗaya ya zama wajibi a kanka. Daga nan sai kotun majistare, inda hukumar za ta karɓo takardar tabbatar da bashi, a ɗora maka kuɗin kotu a kai. Da wannan takarda tana iya sa a riƙa cire kuɗin daga albashinka, tana kuma iya miƙa ka ga kamfanin masu karɓar bashi, waɗanda ake kira belif. Su ma da nasu lissafin a wancan lokaci, wanda dokar 2014 ta tsara: fam 75 da zarar sun aiko maka da takardar gargaɗi, fam 235 ranar da suka tako ƙofarka, sannan fam 110 in abin ya kai ga kwashe kaya a sayar. Wato ƙwanƙwasa ƙofar nan da muka ji ta waya, ita da takardar da ta gabace ta, sun ƙara wa Yaya fam 310, sama da naira 300,000 a canjin wancan lokaci, a kan bashin da asalinsa bai kai fam 1,000 ba.

Me ya sa ƙin buɗewa ya zama daidai? Saboda a kan bashin harajin gida, belif ba shi da ikon fasa ƙofa ya shiga a zuwansa na farko. Sai dai ka buɗe masa, ko ya tarar da ƙofar ba a kulle ba. Amma in ya shiga ya rubuta talabijin da kwamfuta, ka sa hannu a kan yarjejeniyar biya, sannan ka saɓa, to yana iya dawowa ya shiga da ƙarfi ya kwashe abin da ya rubuta. Dokar ta kuma hana shi zuwa tsakanin ƙarfe 9 na dare da 6 na safe, ta hana shi shiga in yara 'yan ƙasa da shekara 16 ne kaɗai a gida, ta hana shi ɗaukar tufafi da abin kwanciya da abin girki da firji, ko kayan da ba naka ba. Mota kuwa in tana ajiye a waje yana iya ɗaure mata ƙafa ba tare da ya shiga gidan ba. Yaya ba shi da mota, bas yake hawa. Ta bayan ƙofa suka yi magana, ya nemi sunan mutumin da na kamfaninsa, mutumin ya zura takarda ya tafi.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a kulle ƙofa a kwanta. Bashi yana nan, kuma a Ingila wanda kotu ta tabbatar da gangan ya ƙi biya ana iya ɗaure shi har kwana 90. Washegari Yaya ya fito da takardun nan duka daga ƙarƙashin katifa ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya kira Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba da shawara kyauta. Akwai irinta kamar StepChange da National Debtline, su ma ba sa karɓar ko sisi. A nan ne ya fara jin labarin rangwamen mai zama shi kaɗai, wanda tun farko haƙƙinsa ne bai nema ba. Suka taya shi lissafa abin da ke shigo masa da abin da ke fita, ya rubuta wa hukumar da kamfanin abin da zai iya biya duk wata. Aka rage masa abin da ya kamata a rage, sauran ya biya cikin watanni. Amma fam 310 ɗin nan ta tafi ke nan.

Ra'ayina a nan shi ne, harajin bai cuci Yaya kamar yadda shirunsa ya cuce shi ba. Na yarda tsarin akwai tsanani a ciki. Wanda ya kasa biyan wata ɗaya, ina hikimar a ce ya kawo na shekara cikin 'yan makonni? Su kansu mutanen ƙasar sun daɗe suna ƙorafi a kan haka, har yankin Wales ya daina ɗaure mutane saboda wannan bashi tun 2019. Amma duk tsananinsa, a kowane mataki sai da aka rubuto masa, kuma a kowane mataki kiran waya ɗaya zai iya tsayar da abin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, in na tsaya a laifin Yaya ban yi adalci ba. Da na tambaye shi ina albashinsa yake tafiya a watannin nan, sai ya yi dariya ya ce, "Kai za ka tambaye ni?" Na yi shiru, domin na san amsar. A shekarar aka yi bikin ƙanwarmu, shi ya ɗauki kayan ɗaki. Da jarin Baba ya yi ƙasa bayan cire tallafin mai, shi ya cika. Ni kaina wayar da nake rubutun nan da ita, shi ya saya mini. Duk wanda ya kira shi buƙata ce a bakinsa, ba wanda ya taɓa cewa, Yaya kai fa, ka biya naka? Shi kuma kunya ta hana shi cewa babu, don kada a ce yana Turai amma yana kukan talauci. Muna lissafa fam da naira muna ganin dukiya, mun manta cewa da fam ɗin yake biyan haya da wuta da haraji. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mu muka sa shi ɓoye nasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shawarar Baba, domin ita ce shawarar da kusan dukkanmu za mu bayar. Haka muka saba a nan. Ma'aikatan haraji su zo kasuwa da sarƙa da kwaɗo, a ja shugabansu gefe, a damƙa masa wani abu, su wuce. Takardar neman kuɗin shago kuma a jefa ta cikin durowa, tunda da Turanci take, ba mai karantawa. Da idona na ga maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana irin wannan sasantawa, ranar da aka canza ma'aikata aka lissafo masa bashin baya gaba ɗaya, ba shi da rasit ko ɗaya da zai nuna, aka garƙame masa shago ana saura kwana kaɗan salla. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi hurumi a kan shaguna da harajin gidaje, saboda haka ba duk wanda ya zo ne ɗan damfara ba, kuma ba duka ne na gaskiya ba. Takarda da rasit ne kawai ke raba su. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma mu ma a nan baƙi ne, kamar yadda Yaya yake baƙo a can.

Don haka ga abin da nake roƙon 'yan uwa. Duk takardar da ta zo daga hukuma a buɗe ta ranar da ta zo. In ba ka iya karantawa, ga 'ya'yanku nan da kuka kashe kuɗi kuka sa mu makaranta, ku sa mu aiki. A tambayi wace hukuma ce, kuɗin mene ne, na wace shekara. A biya ta banki ko a ofis, a karɓi rasit a adana. In kuɗin ya fi ƙarfinka, ka je da ƙafarka tun kafin su zo da tasu, ka tafi da shugaban kasuwa ko wakilin Sarkin Hausawa, ka nemi a raba maka. Wanda kuma yake da ɗan uwa a waje, ya gaya masa cewa ana samun shawara kyauta a can, kuma kafin ya aika masa da jerin buƙatu, ya fara tambayarsa yadda yake ciki.

Yanzu a shagonmu akwai wata tsohuwar jakar makaranta da na rataye a bayan sikeli, duk rasit a ciki yake shiga. Da farko Baba yana mini dariya, yana ce mini akawu. Kwanakin baya da aka zo neman kuɗin shago na bara, shi da kansa ya ce, "Ɗauko jakar nan taka."

Allah Ya rufa mana asiri, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya tsare 'yan uwanmu da ke nesa da gida. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, a nan ko a waje, ina so in ji yadda ya fita.

Wassalam. Naku, ɗan mai wake daga Legas.