Kada mai mulki ya rubuta dokar zaɓe shi kaɗai

Tun daga ranar 26 ga Maris 2025, babu jam'iyyar siyasa ko ɗaya da doka ta sani a Nijar. Babban taron ƙasa da aka yi a Yamai cikin watan Fabrairun wannan shekarar ne ya ba da shawarar rushe su, ya kuma ɗiba wa Janar Abdourahamane Tiani wa'adin shekara biyar. Ko ba daɗe ko ba jima, wata rana za a zauna a rubuta sabon kundin tsarin mulki da sabuwar dokar zaɓe. A ganina, ingancin wannan aiki zai dogara ne kan waɗanda aka zaunar wurin rubutun, fiye da gwanintar malaman shari'ar da za su riƙe alƙalami. Dokar da 'yan takara suka amince da ita tun kafin a san wanda za ta amfana, ita ce ke hana wanda ya faɗi cewa an yi masa fashi.

Mun taɓa gwadawa, kuma ɗan Damagaram ne ya jagoranci zaman. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, Farfesa André Salifou ya shugabanci taron ƙasa mai cikakken iko, inda jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago da ɗalibai da wakilan gwamnatin Ali Saibou suka yi ta kai ruwa rana. Kundin da ya biyo baya ya samu amincewar jama'a a Disamban 1992. Sakamakonsa ya bayyana a 1993: Mamadou Tandja na MNSD ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, Mahamane Ousmane ya kayar da shi a na biyu, jam'iyyar MNSD da ta gaji mulki ta koma adawa ba tare da an zubar da jini ba. Amma kundin, wanda aka ɗauko fasalinsa daga Faransa, bai fayyace wa ke da ta cewa ba idan shugaban ƙasa da firaminista suka fito daga ɓangarori masu gaba. Da 'yan adawa suka ci majalisa a Janairun 1995, Hama Amadou ya zama firaminista, sai aka shiga zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa. Shugaba ya ƙi kiran taron ministoci, firaminista ya sauke shugabannin kamfanonin gwamnati ba da yawunsa ba, har Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su duka a 27 ga Janairu 1996. Taron 1991 ya tsaya kan manyan aƙidu, ya tsallake ƙananan tambayoyin da rigima ke ɓuya a cikinsu.

Duk da wannan giɓi, a kwatanta da lokutan da ɓangare guda ya yi gaban kansa. A Yulin 1996 Baré ya rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'u. A 2009 Shugaba Tandja ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki don tazarce, ya kira zaɓen raba gardama na 4 ga Agusta wanda 'yan adawa suka ƙaurace wa. Sasancin da Janar Abdulsalami Abubakar ya zo yi da sunan CEDEAO ya zo ne bayan aikin gama ya gama, jamhuriya ta shida da Tandja ya kafa kuma ba ta cika wata bakwai ba sojoji suka kawar da ita. A 2017 masu rinjaye suka zartar da dokar zaɓe ba da 'yan adawa ba, su kuma suka ƙi karɓar kujerunsu a hukumar zaɓe, CENI. A lokacin ƙasar tana da majalisar sasanta 'yan siyasa, CNDP, tun 2004, sai dai firaminista ne shugabanta, wato ɗaya daga cikin masu rigimar shi ne mai kiran zaman, shi ne mai tsara abin da za a tattauna. Ba abin mamaki ba ne da aka hana Hama Amadou takara a 2020 bisa sashe na 8 na dokar zaɓe, magoya bayansa suka ɗauka don shi aka rubuta sashen, ko da gaskiya ne ko ba gaskiya ba.

Wani zai ce wannan duk rigimar manyan Yamai ce. To a duba yadda take sauka a rumfar zaɓe a ƙauyukan Dakusa ko Garagumsa. Tsohuwa ta zo da sassafe, sunanta yana cikin jerin da aka liƙa a bangon makaranta, amma ba ta da katin ɗan ƙasa, ba ta da takardar haihuwa, domin ba a asibiti aka haife ta ba, ba kuma wanda ya je ya rubuta ta a lokacin. Kowa a rumfar ya san ta, ya san 'ya'yanta. Za ta jefa ƙuri'a idan mutum biyu suka shaide ta, ko za a mai da ita gida? Wannan tambaya ta zaɓe da shaidu ta tayar da ƙura ana gab da zaɓen 2016, gwamnati na cewa haƙƙin talaka take karewa, adawa na cewa ƙofar maguɗi ce. Kowannensu yana da hujja. Irin wannan batu shekara biyu kafin zaɓe ya kamata a yanke shi, lokacin da ba wanda ya gama lissafin yankin da zai ci riba.

Babbar suka ita ce jam'iyyun nan su suka kai mu inda muke. Sun haura ɗari, da yawansu shugaba ne da jakarsa, sun saba sauya sheƙa don kujerar minista. Ban musa ba. Amma rushe jam'iyya ba ya rushe mutanen da ke cikinta. Waɗanda suka ba Mahamane Ousmane kashi 44 cikin ɗari a Fabrairun 2021 suna nan, waɗanda suka zaɓi Mohamed Bazoum ma suna nan, kuma ranar da aka buɗe fage za su dawo da sababbin sunaye. Gara su sa hannu a dokar tun farko. Akwai kuma masu cewa kundin 2010, wanda majalisar tuntuɓa ƙarƙashin Marou Amadou ta duba, shi ma juyin mulki ne ƙarshensa. Haka ne, tattaunawa ba ta tare bindiga. Amma wannan kundi ya kai kusan shekara goma sha uku, ya kuma ba mu miƙa mulki na farko daga zaɓaɓɓen shugaba zuwa wani zaɓaɓɓe.

Maƙwabta sun nuna abin da ke yiwuwa. A Senegal, kwamitin da alƙali Kéba Mbaye ya jagoranta ya haɗa jam'iyyu suka fitar da dokar zaɓen 1992, shekara takwas bayan nan Abdou Diouf ya amince ya sha kaye. A Gana, zaman jam'iyyu da hukumar zaɓe da aka fara a 1994 ya kawo akwatin da ake ganin cikinsa da kati mai hoto. Najeriya kuwa gargaɗi ce: kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais ya ba da shawara a 2008 a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe INEC daga hannun shugaban ƙasa, gwamnati ta ƙi, abin ya tsaya a takarda.

Don haka jerin aikin yana da muhimmanci. A fara fitar da dokar kafa jam'iyyu, mai sharuɗɗan da za su rage na jeka-na-yi-ka, a bar su su kafu, sannan a kira su zama ƙarƙashin shugaban da ba minista ba ne, ba kuma ɗan takara ba. A sa musu a gaba wa ke naɗa mambobin CENI, yadda za a yi rajista a inda babu takardu, laifin da ke hana takara, da ikon kowa idan majalisa ta saɓa da shugaban ƙasa. Abin da suka amince a kai ya tafi zaɓen raba gardama ba tare da an sake taɓa shi a wani ofishi ba.