Yarinyar Goronyo ba hoton talla ba ce

Kusan duk matashin da ya tashi neman jari don kafa kamfanin ilmantar da ƙananan yara a Najeriya, da hoto ɗaya yake buɗe jawabinsa: yarinya ɗauke da farantin talla, ko almajiri riƙe da ƙoƙon bara, sannan alƙaluman yaran Arewa da ba sa zuwa makaranta. Idan kuɗi suka shigo, abin da ake fitarwa manhaja ce ta Turanci, mai zuƙar data, wadda sai babbar waya take ɗauka, ana biyan kuɗinta duk wata da katin banki. Yarinyar da ke cikin hoton ba za ta taɓa ganin ta ba. An ci kasuwa da sunanta, ko la'ada ba a ba ta ba.

Neman riba ba laifi ba ne. Wanda ya ce shi 'ya'yan ma'aikatan Abuja yake yi wa kaya, Allah ya ba da ciniki. Rigimata da mai yin haka ce yana kuma iƙirarin yana ceto yaran karkara.

A auna irin wannan manhaja da gabashin Sakkwato. A watan Satumbar 2021, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga, ciki har da Rabah da Goronyo. A watan Oktoba na wannan shekara aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutane da dama. Tun 2018 garin Gandi da ke Rabah yake karɓar 'yan gudun hijira daga ƙauyukan kewaye. A nan ne yaro ya fi buƙatar darasin da zai same shi har inda yake, domin makarantar tasa ta yiwu an rufe, ta yiwu ta koma masaukin waɗanda aka koro. A nan ne kuma duk abin da ya rataya ga intanet yake fara mutuwa. Wayar gidan ma guda ce, tana aljihun maigida, shi kuwa yana fadama wurin albasa da tafarnuwa har la'asar.

Abubuwan da suka ɗan matso kusa da wannan yaro, ba 'yan kasuwarmu suka yi su ba. Shirin Sesame Square ya fara fita a NTA a 2011 da tallafin hukumar USAID ta Amurka. Littattafan Mu Karanta, na aji ɗaya zuwa uku, sun shiga firamaren Sakkwato da Bauchi da kuɗin hukumar guda. Ubongo, wanda aka kafa a Tanzaniya a 2013, ya juya wasu shirye-shiryensa zuwa Hausa. Aiki ne mai kyau, amma da bazar wani ake rawar. Da gwamnatin Trump ta rushe USAID a 2025, sai ta bayyana cewa shekarun tallafin ba su bar mana wata masana'anta mai tsayuwa da ƙafarta ba.

Abin takaicin shi ne, darasin yadda ake kai ilimi ƙauye yana nan cikin tarihin Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1837. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta fuskanci matsalar da ta fi tamu: mata a ƙauyuka masu nisa, ba su karatu, ba su da halin barin gida. Ba ta jira su zo ba. Ta tsara karatun cikin waƙa, da Hausa da Fulatanci, yadda kunne zai riƙe ko babu takarda, ta naɗa jajis, dattijan mata masu malfa, su zo su ɗauka su koma su koyar. Wannan shi ne tsarin 'yan taru. Ta fara da tambayar da 'yan kasuwar yau suke barin ta ƙarshe: wa zai kai saƙon, ta wace hanya, kuma da wane harshe?

Hanyar yau ma a shimfiɗe take. Babu kasuwar mako a wannan yanki da za a rasa mai tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi cikin katin memori, a kuɗi kaɗan. Daga nan kaya ke bin waya zuwa waya ba tare da data ba. Rediyo kuwa bai taɓa barin tsakar gida ba, ga Rima Radiyo a Sakkwato. Mai son yaron Rabah da gaske, sauti zai fara yi kafin katun: waƙar baƙaƙe da ƙidaya, tatsuniya, kacici-kacici, da muryoyin da suka yi kama da na gidansu, masu cewa "wanga" da "mi", ba Hausar ɗakin labarai kaɗai ba. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2019, cewa ta yi kada ɗan shekara biyu zuwa huɗu ya wuce awa ɗaya a yini yana zaune gaban allo. Sauti ba ya ɗaure yaro wuri ɗaya, kuma uwa na iya saurare tare da shi tana daka.

Za a ce ai babu kuɗi a ciki, tunda abin da aka tura sau ɗaya ya zama na kowa, kuma wannan turin ne ya karya kasuwar faifan Kannywood. Gaskiya ne. To amma Kannywood ba ta mutu ba, sauya wanda ke biya ta yi, ta koma ga talla da tashoshi irin su Arewa24. A shirin yara kuwa, yaɗuwar da mai fim ke kuka da ita, ita ce buƙata. Mai biya ba talaka ba ne. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha na iya sayen darussa kamar yadda take sayen alli da benci. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato na iya karɓar shirin rediyo na shekara guda a matsayin waƙafi daga attajiri. Kamfanonin taki da na sabulu suna neman kunnen iyayen nan. Ribar ba ta kai wadda masu zuba jari da dala ke mafarki ba, shi ya sa ake kau da kai.

Gwamnatin tarayya kuma ta ƙara wa masu kau da kai hujja. Manufar koyar da firamare da harshen uwa, wadda aka amince da ita a 2022 zamanin Adamu Adamu, Minista Tunji Alausa ya sanar da soke ta a Nuwamban 2025. Yanzu mai manhajar Turanci zai ce doka yake bi. Amma dokar aji ta shafa. Ɗan shekara huɗu a Wurno bai shiga aji ba tukuna, kuma babu ministan da ya hana a koya masa ƙidaya da Hausa a rediyon uwarsa.