Darasin da kyanwa makauniya ta koya mana

Bara kyanwarmu ta makance. Maƙwabta a nan Dakoro suka ce mu kai ta daji mu yar, tunda ta daina kamun ɓera. Na ƙi.

Da hanci da kunne da gashin baki take gane hanya, don haka ba ma gusar da kaskon ruwanta. Yara sai sun kira ta kafin su taɓa ta, kada ta firgita. Ɗan autana, gwanin jifan ƙadangare, shi ke hana ta fita titi.

Iyaye da malamai, muna karantar da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Mu haɗa da aiki. Yaron da ya saba da lallaɓa makauniyar kyanwa, da wuya ya yi wa makahon ɗan ajinsu dariya.