*HAZBIYAR DA KE YAWAN DAWOWA A IDON YARO: A AJIYE TANDUN KWALLI TUKUNA*



 Darasinmu na yau a kan hazbiya ne, ƙurjin nan da kan fito a bakin fatar ido. Tambayar ta yi yawa a 'yan kwanakin nan, daga cikin Gusau, daga Tsafe, daga Bunguɗu, kuma kusan lafazinta ɗaya: "Malam, ta warke a wannan ido ta koma wancan, mun yi ta sa kwalli har mun gaji, me za mu ƙara?"

Amsata ita ce kada a ƙara komai, a rage. Abu na farko da za a rage kuwa shi ne kwallin kansa. Na san maganar za ta yi wa wasu nauyi, tunda daga bakin mai harkar maganin Musulunci ta fito. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

*Mece ce hazbiya?*

A bakin fatar ido, daidai tushen gashin ido, Allah Ya halicci wasu ƙananan kafofi masu fitar da maiƙo. Wannan maiƙon shi ke hana hawaye saurin bushewa. Idan kafa ɗaya ta toshe, ƙwayar cuta ta samu wurin zama a ciki, sai wurin ya yi ja, ya kumbura, ya tara mugunya. Ita ce hazbiya. Ƙwayar da ta fi kawo ta tana zaune ne a fatar jikin mutum da cikin hancinsa, ko mai lafiya ne. Yaro ya sa yatsa a hanci, ya murza ido, ya gama kai ta inda za ta yi aiki.

Mafi yawan hazbiya takan fashe da kanta ta warke cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko an yi magani ko ba a yi ba. Ku riƙe wannan da kyau, domin a nan ne ake ruɗuwa. An sa kwalli ranar Litinin, ta fashe ranar Juma'a, sai a ce kwalli ya yi aiki. Alhali lokacinta ne ya yi.

*Me ya sa take dawowa?*

Yaro mai tatata ƙasa ce wurin wasansa, kuma hannunsa ba ya rabuwa da fuskarsa. Ga ƙurar hunturu, ga hayaƙin murhu, ga ƙaiƙayin ido da ke damun yaranmu da yawa har farin idonsu ya rine. Duk inda akwai ƙaiƙayi akwai murza. Wasu yaran kuma bakin fatar idonsu kullum da ɓawon kwantsa, kafofin na toshewa a kai a kai. Sannan ga tsumma ɗaya da ake share wa yara biyar fuska da shi.

To a kan wannan duka sai a kawo garin dutse a shimfiɗa daidai bakin kafofin da sunka toshe, da tsinke ɗaya wanda ya shiga idon uwa, ya shiga na kishiya, ya shiga na jariri, ya koma tandu ba wanki. Wani lokaci ma har a jiƙa shi da miyau. Ku gaya mini, ta ina hazbiya za ta bar gidan? Tsinken da ya taɓa ido mai ciwo shi ke kai ciwon ɗaya idon.

*Maganar da ta fi hazbiya girma*

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Dutsen kwalli mai ƙyalli da ake daka wa a kasuwanninmu, da yawansa dutsen dalma ne. Mu mutanen Zamfara ba sai an yi mana tafsirin gubar dalma ba. A shekarar 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Bagega ma ta sha nata. A 2025 an sake jin ɓullarta a ƙaramar hukumar Bunguɗu. Waɗancan yaran ƙasa sunka taɓa sunka kai baki. Yaron da anka ranganɗa wa kwalli kuwa ido zai murza ya tsotsi yatsa, kuma hawayen da ke gangarawa ta hanci zuwa maƙogwaro na tafiya da nasa rabon.

A shekarar 2011, a birnin Boston na Amurka, an gwada jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Nijeriya, anka ga dalma ta hau. Da anka bincika, kwallin da ake sa masa ne, wanda anka kai musu daga nan gida. An auna kwallin, sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Hukumar kula da cututtuka ta ƙasar ta fitar da rahoton a 2012, kuma ta ambaci sunayen da muke kiransa da su, kwalli da tozali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da anka sani ba ya cutar da yaro. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage jini, tana rage kaifin fahimta, kuma abin da ta lalata a ƙwaƙwalwa ba ya komawa yadda yake. Mugun abin shi ne kaɗan ɗinta ba ya zuwa da zazzaɓi balle a farga. Sai yaro ya isa allo a ga hadda ba ta zama, a ce daƙiƙi ne, a hau shi da bulala.

Wannan shi ne amsar masu cewa "ai mu da kwalli anka raine mu, ga mu nan lafiya". Alhamdu lillahi da kuna lafiya. Amma wa ya auna abin da anka rage wa kowa? Cutar da ke aiki a ɓoye ba a kafa hujja da rashin ganinta.

*"Malam, ba sunna ba ce?"*

Sunna ce, ba mai ja. Ya tabbata a wurin Tirmizi da Ibn Majah cewa Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da ismid, ya ce yana ƙara hasken gani yana tsirar da gashin ido, kuma an ruwaito yana sawa da dare kafin barci. Amma a lura da abu uku.

Na ɗaya, wani dutse ne ayyananne anka ambata. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya bayyana cewa mafi kyawunsa daga Isfahan ake kawo shi. Ba kowane baƙin gari mai ƙyalli ne ismid ba. Ido ba ya rarrabe shi da dutsen dalma bayan an daka, kuma rubutun Larabci a jikin kwalba ba shaida ba ce. Ko tsarabar Makka ce, ba a Makka anka auna ta ba. Ɗakin gwaji kaɗai ke iya faɗin abin da ke ciki.

Na biyu, sa kwalli mustahabbi ne, kuma yaro ɗan shekara biyu ba a ɗora masa farilla ba balle mustahabbi. Ba wanda Allah zai tambaya don me bai sa wa ɗansa kwalli ba. Amma za a tambayi kowane makiyayi game da abin da anka ba shi kiwo.

Na uku, ƙa'ida ce a wurin malaman fiƙihu cewa tunkuɗe cuta na gaba da jawo amfani. Inda cutar ta tabbata da awo, amfanin kuma yana cikin shakka, mai hankali ya san inda zai tsaya.

Masu sa wa yaro kwalli don tsoron kambun baka kuma, kambun baka gaskiya ne, hadisi ya tabbatar. Sai dai Annabi (SAW) da addu'a ya riƙa nema wa jikokinsa Hasan da Husaini tsari, kamar yadda ya zo a Bukhari. Ku yi wa 'ya'yanku wannan addu'ar safe da yamma, ku karanta musu Falaƙi da Nasi. Ba ta da guba, ba ta da kuɗi.

*Abin da za a yi a gida*

1. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa idon yaro da bayan an taɓa.

2. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce ya zama ɗumi. Uwa ta gwada a cikin tsintsiyar hannunta, domin fatar idon yaro ba ta da kauri. A tsoma ƙyalle mai tsabta, a matse, a ɗora a kan idon yana rufe, minti 5 zuwa 10, sau 3 ko 4 a yini. In ya huce a sake tsomawa. Ɗumin ne ke narkar da maiƙon da ya daskare har kafar ta buɗe. Yaron da ba ya tsayawa, a yi masa yana kan cinya ana lallashi, ko yana barci.

3. Kada a matse, kada a tsokane da allura ko ƙaya. Matsewa na tura mugunyar ciki ta bazu.

4. Bayan ta warke, a ci gaba da goge bakin fatar idon da ruwan ɗumi kowace safiya. Wannan shi ke hana dawowa, kuma shi ne mutane ke bari da zarar sun ga sauƙi.

5. Kowane yaro da ƙyallen fuskarsa. A wanke, a shanya a rana. A yanke masa farce duk mako, dama yanke farce na cikin sunnonin fiɗira.

6. A gyara cimarsa: zogale, karas, manja, ƙwai, hanta, gwanda, mangwaro in lokacinsa ne. Idan ma'aikatan lafiya sunka zo rabon sinadarin bitamin A na yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5, kada a ɓoye yara a ɗaka. Yana kare su daga dundumi da bushewar ido.

*Abin da ba ya shiga idon yaro*

Nonon uwa, ruwan sukari, ruwan albasa, lemun tsami, ruwan ganye, miyau, fitsari. Haka nan man habbatus sauda da zuma. Ni ina sayar da su kuma na san albarkarsu, amma hanyarsu baki ce, ita ma zumar sai yaro ya wuce shekara ɗaya. Hakiya da yawa da kuke gani a idon manya, asalinta ƙaramin ciwo ne da anka ɗiga wa abin da bai dace ba.

Haka kuma kada a je kemis a ce "ba ni maganin jan ido". Wasu magungunan ɗigawa na ɗauke da sinadarin da ke kwantar da ja nan take, amma in an daɗe ana sa wa yaro yana kawo hawan jinin ido da yanar ido. Likitan ido ne kaɗai ya san wanda ya dace da tsawon kwanakin da za a yi.

*Lokacin da ba a jira*

A kai yaro asibiti a ranar, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: kumburin ya cinye fatar idon duka ko ya gangara kunci, zazzaɓi ya shigo, yaro ya kasa buɗe idon, idon ya turo waje, ko an ga farin tabo a kan baƙin ido. Ciwon da ya bazu a kewayen ido na iya shiga ciki, kuma a yaro ƙarami yana gudu da sauri.

Haka nan in ƙurjin ya daina zafi amma ya zauna kamar ƙwayar wake ya haura wata guda, ko hazbiyar na dawowa duk da an kiyaye abin da na lissafa. Ƙullutu babba na danne ido ya dusashe gani, a shekarun da idon yaro ke koyon gani. Na Tsafe da na Bunguɗu su fara da babban asibitin garinsu, in ya fi ƙarfinsu za su tura Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Na san halin da hanya ke ciki, na san kuɗin mota. A fita da rana tsaka-tsaki, a bi ayari, amma kada a zauna da waɗannan alamun. In an daɗe ana sa wa yaron kwalli, a faɗa wa likita, a tambaye shi ko akwai buƙatar gwajin jini.

Zuwa wurin masanin ido ba raina maganinmu ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har ya keɓe wa ciwon ido littafi nasa na daban. Magabatanmu sun ɗauki ido a matsayin fanni mai zaman kansa, wanda ba kowane mai magani ke sa masa hannu ba.

*Ga maigida*

Wannan aikin naka ne, kada ka bar wa matarka. Sau da yawa uwar yaron ta fahimta, amma ba za ta iya cewa surukarta ko ungozoma "a'a" ba. Kai ne za ka je ka durƙusa gaban Inna ka ce, "Inna, kwallin yanzu an gwada an samu dalma a ciki, irin wadda ta yi ɓarna a Anka. A taimaka a ɗaga wa yaran nan." Ba kakar da za ta ji sunan Anka ta nace. Da ladabi za a faɗa, domin ƙauna ce ta sa take yi.

Babban da ke son kwallinsa, ya nemi tsinkensa shi kaɗai, ya wanke hannu bayan ya sa, ya rataye tandun inda yaro ba ya kai. Mai ciki kuwa gara ta haƙura har ta sauka ta yaye, domin dalma na ratsawa zuwa ga abin da ke cikinta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare idanun 'ya'yanmu da hankulansu, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Wanda ya karanta ya tura wa gidan da ke da ƙananan yara, ya kuma karanta wa wadda ba ta iya karatun boko ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.