Kimiyya a Sauƙaƙe: Ita Ma Rana Tana da Guguwa



A hutun da ya wuce ina hanyar gona a garinmu Andarai, sai ga guguwa ta taso tana juya ƙura da karmami. Yara suka watse, wai aljanu ne a ciki. Alhali ƙasa ce ta ɗau zafi, iskar da ke kanta ta tashi sama tana juyawa. To, ita ma rana tana da tata guguwar.

Rana dunƙulen filasma ce, wato iskar gas da tsananin zafi ya sa ta ɗauki cajin lantarki, don haka maganaɗisu na iya janta. A fuskar rana, filasmar da ta ɗan huce tana nutsewa tana juyawa, kamar ruwan da ke zurarewa ta ramin baho. Juyin nan yana murɗa layukan maganaɗisu kamar yadda ake tufka igiya, su kuma su juya filasmar da ke can sama.

A 2012 Sven Wedemeyer-Böhm na Jami'ar Oslo da abokan aikinsa suka bayyana wannan guguwa, bayan sun yi nazari da na'urar hangen rana ta Sweden da ke tsibirin La Palma da kumbon SDO na hukumar NASA. Sun ƙiyasta akwai kusan 11,000 a kowane lokaci, kuma faɗin guda kan kai kilomita 1,500. Ya fi faɗin Najeriya!

Ga abin ɗaure kai: in ka matsa daga murhu, zafi raguwa yake yi. Amma zafin fuskar rana digiri 5,500 ne a ma'aunin Selshiyos, na korona kuwa, wato iskar da ke can samanta, ya haura miliyan ɗaya. Ita ce farin rawanin da aka gani a Gusau da Katsina lokacin kusufin 29 ga Maris 2006. Masana na zaton guguwar nan tana cikin hanyoyin da ke kai makamashi sama, amma har yau ba a kammala warware matsalar ba. Mai ƙorafin darasin maganaɗisu a ajin Fiziks, da shi ake wannan aiki.

Gargaɗi: kada ku kalli rana da ido, ko da baƙin tabarau, domin tana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba.

Tambayar mako: minti nawa hasken rana ke ɗauka kafin ya iso duniya? Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.