Wanda Ba Shi da Ɗaki Ma Yana da Ta Cewa

Mai karatu, da a ce za ka ji an ɗauki kati an nufi gidan marasa matsuguni don a yi muhawara da su kan kimiyya, me za ka ce? Na san da yawa za su ce neman suna ne, wanda bai san inda zai kwana gobe ba ina ruwansa da binciken masana. Ni ban yarda da wannan ba, ga dalilina.

Wasan da nake magana a kai sunansa PlayDecide. An samo shi daga wani wasa mai suna Democs na ƙasar Ingila, Tarayyar Turai kuma ta tallafa aka yaɗa shi cikin harsuna da dama. Mutum huɗu zuwa takwas ke zama su yi kamar awa ɗaya da rabi. Kowa zai zaɓi katin labarin wani mutum da matsalar ta shafa, da katin bayani, da katin da ke ɗauke da abin jayayya, ya gaya wa sauran dalilin zaɓinsa. A ƙarshe a kaɗa ƙuri'a kan matakai huɗu da hukuma za ta iya ɗauka, ko 'yan wasan su rubuta nasu. Har da kati mai ruwan ɗorawa, irin na alƙalin ƙwallo, wanda kowa zai iya ɗagawa idan an keta ƙa'idar zaman ko kuma bai gane abin da ake faɗa ba. Wannan katin ya fi kowanne burge ni, don ya ba mai kunyar tambaya hanyar tsayar da sarkin surutu.

A Biyena, babban birnin Ostiriya, an buga wasan da marasa matsuguni kan cuta mai karya garkuwar jiki, da tambayar ko doka ta hukunta wanda ya shafa wa wani ita. To, wa wannan tambaya ta fi shafa? Farfesa ko wanda ke tsoron zuwa gwaji kada a kore shi daga inda ya raɓe? Mai kwana a irin wannan gida ya san layin asibiti, ya san yadda ake tona asirin talaka, ya san wahalar shan magani kullum ga wanda ba shi da akwatin ajiya. Babu katin da ya ƙunshi wannan sani, a bakinsa kawai za a ji shi.

Inda nake da ja shi ne harshe, kuma nan ne abin ya zo kanmu. Wasan ya dogara da karatu. A ce mu ɗalibai mun kai shi Oko Baba da ke Ebute Metta a Legas, inda mabarata masu jin Hausa ke zaune, cikinsu har da makafi. Dole a karanta kowane kati da murya, wataƙila a rubuta wasu da ajami. Sannan wace kalma za mu sa? Idan muka rubuta "ƙanjamau", mun riga mun zana ramammen mutum mai jiran mutuwa, alhali yau mai shan magani yadda ya kamata, har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jininsa, ba ya shafa wa abokin kwanciyarsa. Idan muka ce "ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki", mun faɗi daidai, amma jimlar ta yi tsawo a kati. Kalmar da mai fassara ya zaɓa tana iya karkata ƙuri'a tun ba a zauna ba.

Kuma kada a fassara katin Turai a kawo shi yadda yake. Nijeriya ta yi dokar hana nuna wariya ga masu wannan cuta a 2014, wanda ya kamata ya samu katinsa. Labaran ma a sake su, a sa na bazawara da ɗan ci-rani da mai turin baro.

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a tara mutane, a ɗauki hoto, a kwashe ra'ayinsu a tafi. In har sun kaɗa ƙuri'a, a rubuta sakamakon da Hausa, a kai wa hukumar da abin ya shafa, sannan a koma a karanta musu amsar da aka samu, ko a gaya musu ba a samu ba.